MASAGA: TARIHI DA TSARIN AIKIN MAƘERAN ƘARAU NA BIDA

1.0 Gabatarwa

Kafin Bahaushe ya ari kalmar gilashi daga Turanci, yana da kalmar ƙarau, wadda yake kiran munduwar nan mai sheƙi da mata kan jera a hannu, wadda idan ta faɗi ƙasa sai dai a share gutsattsarinta. Samuwar kalmar a cikin harshe shaida ce cewa abin ya daɗe a hannun mutane. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce, su wane ne suke ƙera shi, kuma da me? Galibin mutane sun ɗauka cewa duk wani abu na gilashi daga bakin teku ya hau, ko kuwa raƙuma ne suka ƙetaro da shi hamada. Wannan zato yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba, domin a birnin Bida na ƙasar Nufe akwai wata unguwa da ake kira Masaga, wadda mutanenta suka gaji narka gilashi da sarrafa shi, har ma a da can suna haɗa shi tun daga yashi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan sana'a, ta bayyana yadda maƙerin ƙarau yake gudanar da aikinsa a bakin wuta, sa'an nan ta nuna yadda rabin ilmin sana'ar ya salwanta ba tare da wani ya yi niyyar kashe shi ba.

2.0 Gilashi da Asalinsa

Gilashi dai yashi ne da aka narka. To, amma yashi tsantsa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Selshiyos, kuma wutar itace ba ta kai nan. Dabarar da mutanen da suka gano ita ce, idan aka gauraya yashi da kanwa ko tokar wasu tsirrai, sai ya narke a zafin da bai wuce digiri 1,000 da 'yan kai ba. A kan wannan sirri ne aka gina sana'ar baki ɗayanta. A Masar da ƙasar Iraƙi ta yanzu an riga an iya ƙera ƙananan tuluna na gilashi tun wajen shekaru 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), kuma a ƙarni na ƙarshe kafin haihuwarsa ne aka gano hura gilashi da bututu a yankin Sham. Kanwar da Rumawa suka yi ta aiki da ita kuwa, daga Wadin Naɗrun na Masar ake haƙo ta.

A nan ya kamata a rarrabe abubuwa biyu waɗanda ake yawan cuɗawa. Akwai haɗa gilashi, wato a ɗauki yashi da kanwa a mai da su gilashi. Akwai kuma sarrafa gilashi, wato a narka wanda aka riga aka haɗa a ƙera wani abu da shi. Na biyun ya bazu a duniya, amma na farkon wurare ƙalilan ne suka ƙware da shi. An daɗe ana cewa Afirka ta kudu da Sahara ba ta taɓa sanin haɗa gilashi ba. Haƙe-haƙen da Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun, cikin Ile-Ife, sun rushe wannan magana, domin an tono dubban duwatsun ado da fasassun kasake na narka gilashi, kuma awon sinadarai ya nuna cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen Ife suna haɗa wani irin gilashi nasu na kansu, da kayan ƙasarsu. A ƙasar Hausa ma, kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina, waɗanda aka fara tonawa a 1907 aka kuma sake tonawa a 1992, sun fitar da duwatsun gilashi tare da sauran kayan alatu. Ke nan sha'awar wannan kaya a wannan yanki ta girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru.

3.0 Zuwan Masaga Bida

Masaga suna da ruwayar asalinsu, wadda suke gada baki da baki. Suna cewa kakanninsu daga Misira suka taso, suka biyo ta Barno, suna yada zango suna tashi, har suka sauka ƙasar Nufe da sana'arsu a hannu. Irin wannan ruwaya ta fitowa daga Gabas ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin tarihin Hausa, don haka akwai hujjar a yi taka-tsantsan da ita. Duk da haka ba a yar da ita gaba ɗaya, saboda yadda Masaga suke naɗa narkakken gilashi a jikin sandar ƙarfe a bakin tanderu, da yadda suke buɗa munduwa ba tare da mahaɗi ba, ya yi kama da aikin tsofaffin maƙeran gilashi na Gabas ta Tsakiya, irin na birnin Halil a Falasɗinu. Shi wannan birni yana da wata alaƙa da Hausawa mai ban sha'awa. A 1937 A. J. Arkell ya rubuta cewa fatake Hausawa suna sayen tsofaffin duwatsun Halil daga hannun mata a Darfur, suna goge gefensu don su zauna daidai a zare, kuma ta haka ne duwatsun da aka ƙera a Falasɗinu suka wayi gari ana kiran su duwatsun Kano.

Abin da yake tabbatacce a tarihi shi ne bunƙasar sana'ar tana tafe da bunƙasar birnin Bida. Bayan rasuwar Malam Dendo a 1833, 'ya'yansa sun sha rigingimu a tsakaninsu da kuma tsakaninsu da tsohon gidan sarautar Nufe, har zuwa wajen 1857 lokacin da Usman Zaki ya zauna a Bida, garin ya zama hedikwata a maimakon Raba. Masaba, wanda ya gaje shi ya kuma yi mulki har 1873, ya faɗaɗa daular, birnin ya cika da jama'a da dukiya. Sarakunan Bida, waɗanda suke ƙarƙashin Gwandu, sun tattaro masu sana'a iri-iri suka zaunar da su unguwa-unguwa: maƙeran tagulla da azurfa, maƙeran baƙin ƙarfe, masaƙa, maɗinka, da su Masaga. Kowace ƙungiya tana da shugabanta mai sarauta, wanda ta hannunsa fada take ba da aiki, ta hannunsa kuma take karɓa. Shugaban maƙeran ƙarau shi ma Masaga ake ce da shi, wato sunan sana'a da na unguwa da na sarauta duk ɗaya ne.

Wannan tsari ya ba su kariya da kasuwa, ya kuma ɗaure su wuri ɗaya. Sana'ar ta gado ce, ba a koya wa bare, kuma sirrinta ba ya fita unguwa. Ba Nufawa kaɗai suka yi haka ba. A 1291 hukumar birnin Banis ta Italiya ta kwashe maƙeran gilashinta ta mai da su tsibirin Murano, ta ɗaukaka darajarsu, ta kuma hana su ƙaura zuwa wata ƙasa. Duk inda sarauta ta fahimci cewa arzikin sana'a yana cikin kan mai ita, to, takan riƙe shi da hannu biyu, ɗaya na kyauta ɗaya na tsaro.

4.0 Bikini da Kanwar Barno

Gilashin da Masaga suke haɗawa da kansu sunansa bikini. Baƙi ne wuluk idan yana dunƙule, kuma wannan duhu nasa daga sinadarin ƙarfen da ke cikin haɗin yake. Yashin a ƙasar Nufe ake ɗibarsa, amma kanwar daga nesa take zuwa, kuma a nan ne Bahaushe ya shigo cikin labarin. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya lura cewa ɗaya daga cikin manyan harkokin kasuwar birnin shi ne wucewar kanwa daga Barno zuwa Nufe, har ya ƙiyasta abin da yake wucewa a shekara da cewa bai gaza kaya 20,000 ba, na takarkarai da dawaki da jakuna. Mafi yawan wannan kanwa ta dabbobi ce da girki da taba da magani, amma daga cikinta ne tanderun Masaga yake samun rabonsa. Fataken da suka sauke kanwa kuwa ba sa komawa hannu rabbana. Sukan ɗauki rigunan Nufe, da goro ɗan Laboji, da kayan tagulla, da ƙarau da duwatsun ado, su yi arewa da su. Ashe ke nan munduwar da ta isa kasuwar Kurmi, wani ɓangare nata ya taɓa ratsa Kano a bayan jaki yana kanwa.

Haɗa bikini aiki ne na gayya. Akan shirya tanderu a cikin ƙasa, a zuba haɗin yashi da kanwa, a tara itace mai yawa, sa'an nan a kunna wuta a yi ta zuga dare da rana, masu zuga suna karɓeɓeniya, domin idan zafi ya sauka kafin haɗin ya narke, an yi hasarar itace da kanwa da wahala. Bayan wuta ta mutu tanderu ya huce, sai a fasa dunƙulen a raba wa maƙera. Mutum ɗaya ba ya iya wannan, gida ɗaya ma da ƙyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, kuma wannan larura ce ta sa ƙungiyar Masaga ta yi ƙarfi ta kuma haɗe kai. S. F. Nadel, wanda ya zauna ƙasar Nufe tsakanin 1934 da 1936 ya kuma wallafa littafinsa A Black Byzantium a 1942, ya ba da bayani mai tsawo a kan wannan tsari nasu na aiki tare.

5.0 Maƙeri a Bakin Wuta

Maƙerar Masaga ɗaki ne mai duhu-duhu, da tanderun yumɓu a tsakiya. Maƙera sukan zauna a ƙasa su kewaye shi, kowa da sandunansa na ƙarfe, da awartaki, da ɗan faffaɗan ƙarfe na dannawa. A gefe guda mai zuga yana zaune da zugazugansa, kuma galibi yaro ne ko saurayi. Daga nan koyo yake farawa. Yaro yakan shafe lokaci mai tsawo yana zuga da ɗauko itace da wanke kwalabe, idonsa yana kan hannun manya, kafin a miƙa masa sanda. Ba a yi masa dogon bayani. Abin da ake so ya koya ba ya faɗuwa da baki, wato ya san launin da gilashi yake yi idan ya nuna, da nauyin da yake yi a kan sanda idan ya fara zuba.

Dalilin haka yana cikin ɗabi'ar gilashi kansa. Ƙarfe ko darma suna da iyakar da suke narkewa, amma gilashi sannu a hankali yake laushi, daga tauri zuwa danƙo, daga danƙo zuwa kamar zuma. Tsakanin ya yi tauri da ya zube akwai ɗan taƙi kaɗan, kuma a cikin wannan taƙi ne duk aikin yake. Saboda haka hannun maƙeri ba ya tsayawa. Da zarar ya daina murza sanda, gilashin zai karkata gefe guda ya ɗiga cikin wuta.

Ga yadda ake dutsen ado. Maƙeri zai ajiye gutsuren gilashi a bakin tanderu ya ɗumama, domin idan ya shiga wuta da sanyinsa tarwatsewa zai yi. Sai ya manna shi a kan sanda ya tura cikin wuta har ya zama curi mai laushi. Daga wannan curi yake jawo zare ya naɗa a jikin wata siririyar sanda, yana murzawa, har ya tara gwargwadon girman da yake so. Sa'an nan ya danna shi da faffaɗan ƙarfe, ya mai da shi mulmulalle ko dogo ko mai kusurwa. Idan yana son ado, sai ya jawo siririn zare na wani launi, fari ko shuɗi, ya zagaya shi ko ya ɗiɗɗiga masa, ya mayar wuta har adon ya nutse cikin jiki. Gurbin sandar shi ne hudar da za a zura zare. A ƙarshe sai a zare dutsen a binne shi cikin toka mai ɗumi ya huce a hankali, don gilashin da ya sha iska farat ɗaya bayansa yakan riga cikinsa sanyi, sai ya tsage.

Ƙarau kuwa shi ne ma'aunin gwaninta. Maƙeri zai ɗebo curi a kan tsinin sanda, ya huda shi, sa'an nan ya zura ƙarfe na biyu cikin hudar, ya yi ta juyawa yana buɗawa, yana mayarwa wuta yana fitarwa, zoben yana faɗi yana sirancewa, har ya kai yadda hannu zai shiga. Babu ma'auni sai ido, babu kuma mahaɗi ko ɗaya a jikinsa. Duk wannan cikin 'yan mintoci ake gamawa. Wannan dabara ta jawo hankalin masu binciken kayan tarihi na Turai, domin sun tono irin waɗannan mundaye marasa mahaɗi na mutanen da suka zauna can fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, kuma aikin maƙera irin na Bida yana daga cikin abin da ya taimaka musu wajen gane yadda aka yi su.

A ina fasahar mutum ɗaya take fitowa a cikin aikin da kowa ya gada iri ɗaya? Tana fitowa a zaɓen launi da haɗa shi, da daidaiton kauri, da tsabtar zane, da kuma sauri, domin gilashin da ya daɗe a wuta yakan dushe. 'Yan unguwa sun san hannun junansu kamar yadda marina suka san rinin juna. Sai dai ƙarau ba ya ɗauke da sunan wanda ya yi shi. A Faransa Emile Galle, wanda ya rasu a 1904, yakan sa sunansa a jikin kayansa, shi ya sa har yau ake bin rayuwarsa daki-daki. Gwanayen Masaga na zamaninsa kuwa kayansu suna gidajen tarihi na Turai da sunan garinsu kawai.

6.0 Zuwan Kwalba

A watan Janairu na 1897 rundunar Kamfanin Neja ta Sarauta, ƙarƙashin George Goldie, ta ci Bida da yaƙi. Wannan ya rage ƙarfin fadar da take ciyar da masu sana'a. Amma abin da ya fi canza aikin Masaga ba bindiga ba ce, kwalba ce. Jiragen ruwa da suke hawowa Kwara sun cika kasuwanni da kwalaben Turai, kuma kwalba gilashi ce da wani ya riga ya sha wahalar haɗawa. Ba ta bukatar kanwar Barno, ba ta bukatar gayya ko kwana a bakin wuta. Daɗin daɗawa ta zo da launuka waɗanda bikini ba shi da su: kore da ruwan ƙasa daga kwalaben abin sha, shuɗi daga kwalaben magani, fari daga kwalaben man shafawa. Lokacin da Leo Frobenius ya ziyarci Bida a 1911, kwalba ta riga ta shiga maƙera, kuma Nadel ya tarar da ita tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da bikini.

Ba daidai ba ne a zargi maƙeran da sakaci. Sun yi abin da kowane mai sana'a zai yi, kuma ta wata fuska kwalba ta buɗe musu ƙofar ado, domin kyawawan duwatsu masu launi-launi da aka san Bida da su a ƙarni na 20 'ya'yan kwalba ne. Ita ce ma ta ba su damar yin gogayya da duwatsun Banis da na Bohemiya waɗanda suka malale kasuwannin Afirka ta Yamma. To, amma a wajen tsakiyar ƙarnin sai aka daina haɗa bikini. Babu dokar da ta hana, babu kuma ranar da aka yanke shawara. Tazarar da ke tsakanin wannan gayya da waccan ce ta yi ta tsawo, har waɗanda suka taɓa yi da hannunsu suka ƙare. Sirrin da aka tsare daga bare don kada ya fita, da ya tashi ɓacewa babu wani a waje da zai dawo da shi.

A 2019 Masaga sun sake gina tanderun bikini, tare da haɗin gwiwar mai bincike Lesley Lababidi da goyon bayan fadar Etsu Nupe, suna dogaro da abin da dattawa suka gani ko suka ji suna yara. An ɗauki aikin a fim, an kuma auna sinadaran abin da ya fito. A 2021 Hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen duniya masu fasaha, a ɓangaren sana'o'in hannu. Waɗannan matakai ne masu kyau, sai dai sana'a ba ta rayuwa da lambar yabo. Tana rayuwa ne idan saurayin da ke zuga ya ga cewa zai iya riƙe gida da ita, alhali kasuwa ta cika da mundayen roba masu araha waɗanda ba sa fashewa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa sana'ar Masaga ta tsayu a kan abubuwa uku: fadar da ta tattara su ta kuma saye kayansu, fataucin da ya kawo kanwa ya kwashi ƙarau, da gadon da ya miƙa ilmi daga hannu zuwa hannu. An kuma ga cewa rabin sana'ar, wato sarrafawa, ya rayu saboda ya karɓi sabon kayan aiki, ɗaya rabin kuwa, wato haɗawa, wannan sabon kayan ne ya kashe shi.

Wannan labari ba na Nufawa kaɗai ba ne. Maƙeran ƙasar Hausa sun daina narka tama lokacin da tsofaffin ƙarafan mota da na jirgin ƙasa suka wadata, kuma marina da yawa sun bar baba suka koma shuɗin kanti. A kowane hali sana'ar ta ci gaba a ido, amma tushenta ya tafi, kuma kalmomin da suke tattare da shi suka bi shi. Nauyin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe da al'ada shi ne su zauna da dattawan masu sana'a tun suna raye, su rubuta sunan kowane kayan aiki da kowane mataki, musamman matakan da aka daina yi, domin su ne ba su da mai tuna su gobe.